Makunnin Ɗakin Haihuwa

Dakoro, Lahadi 17 ga Agusta

Zuwa ga Yayata Rahinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Amani da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara maku lafiya, Ya sauƙaƙa maku zafin Arlit, Ya sa albarka cikin neman da ya kai ku can. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har takan taka zuwa bakin gona da safe ta duba hatsi. Ruwa ya yi kyau bana, mun gama maimai, gero ya fara ciki. Matata Hamdiya tana nan lafiya, ɗanmu Zaharaddini kuma ya haye aji na gaba.

Yaya, na san labari ya riga takardata isa wurinki. Tun ranar Juma'a na kira salularki sau uku ba ki ɗauka ba, kuma na san ba rashin rezo ba ne, don kiran yana shiga. An gaya maki na tsaya gaban maigari da mutanen garinmu na ambaci sunan Kawu Jimrau, har ya ajiye makullan gidan likita ya tafi. Haka aka yi, ba zan musa ba. Abin da nake roƙo ki ji yadda maganar ta faro, ki karanta a natse har ƙarshe, sannan ki yanke mani hukuncin da kika ga dama. Ban so in yi saƙon murya ba, don na san yara kan zauna kusa da ke in kina saurare.

Kin tuna bara bayan girbi an ba ni aikin sa wutar sola a gidajen likita biyar na ƙauyuka, har da na garinmu, inda Kawu yake gadi shekara goma sha bakwai. Ranar da na iso da kaya shi ya fi kowa murna, ya riƙa zagayawa da ni yana gaya wa mutane ɗansa ne zai kawo masu haske. Wutar ba irin ta birni ba ce. Ta bateri ce, bolt goma sha biyu, ba ta kama mutum ko ya taɓa wayar da hannu, amma dole a yi tattalinta, don abin da rana ta zuba cikin bateri shi ke nan har gobe. Ungozomar wurin, Hafiza, wata 'yar Tawa da aka turo shekara biyu da suka wuce, ta roƙe ni in yi yadda za ta iya kunna fitilar ɗakin haihuwa daga wuri uku: bakin ƙofa, gefen gado, da baranda. Ta ce sau da yawa hannuwanta duka biyu suna cikin aiki, ɗakin kuma ko da rana duhu gare shi, don tagar a rufe take saboda sutura. Shi ya sa na sa masu wani abu da muke kira telerupta. Dole in bayyana maki shi, don duk rigimar a kansa take.

Ɗan akwati ne da bai kai ashana biyu girma ba. A cikinsa akwai siririyar waya da aka nannaɗe, muna ce mata bobin, da wani ɗan harshen ƙarfe. In wuta ta shiga bobin sai ta zama mayen ƙarfe, ta fizgi harshen, ki ji ƙas, fitila ta kama. Daga nan harshen ya maƙale a wurin da kansa, ba ya bukatar wuta ta riƙe shi. In aka sake aiko wuta, ya sake yin ƙas ya saki, fitila ta mutu. Ki duba bik ɗin nan mai dannawa da ɗalibai ke rubutu da shi: danna ɗaya bakin ya fito ya tsaya, ba sai kin ci gaba da riƙewa ba, danna na biyu ya koma. To haka yake. Amfaninsa ba ya cin bateri, don bobin ba ta ganin wuta sai na ƙiftawar ido, kuma ana iya jera madannai ko goma a ƙofofi dabam-dabam da siririyar waya, kowanne ya kunna ya kashe. Sharaɗinsa guda ne. Ba a haɗa shi da makunnin gida, wanda in an ɗaga yake tsayawa a ɗage. Sai da madanni mai sifirin a ciki, wanda ke komawa da zarar an ɗauke yatsa. In wuta ta daɗe cikin bobin za ta yi zafi, ta narke, ta ƙone. Wannan sharaɗi na san shi kamar sunana, amma ban gaya wa kowa a gidan likitan ba, ban kuma rubuta a bango ba. Na nuna masu yadda ake dannawa, na hau babur na dawo Dakoro.

Cikin watan jiya madannin bakin ƙofa ya tsage. Kawu ya kira ni, na ce masa ina tafe. Ya sake kira bayan kwana huɗu, ina can Bader Goula kan wani aikin famfo, na ce sai mako mai zuwa, su yi amfani da sauran biyun. Kira na uku ban ɗauka ba, ina bisa rufi, na kuma manta ban mayar ba. Abin da ban sani ba, ranar kasuwa Kawu ya sayi makunnin gida, ya kwance tsagaggen madannin da wuƙarsa, ya ɗaura sabon. Da ya gwada ya ga abin na yi masa gardama, sai ya gano in an ɗaga an sauke nan take fitila na kamawa lafiya lau. Ya koya wa Hafiza haka, ita ma ta riƙa yi. Kwana tara ana haka ba abin da ya faru.

Ranar Litinin bayan azahar aka kawo Lami, matar wani makiyayi da ake kira Abarci, daga ruggarsu a kan amalanke. Haihuwarta ta fari ce, ta kuma zo da gardama. Hafiza na kanta, sai ta ce wa uwar mijin ta kunna mata fitila. Tsohuwar ta ɗaga makunnin bakin ƙofa, haske ya zo, ta bar shi a ɗage kamar yadda kowa zai yi. Akwatin da telerupta yake ciki yana saman ƙofar, kusa da silin. Hafiza ta ce ta fara jin ƙauri ta ɗauka shara ake ƙonawa a waje. Kafin ta ankara hayaƙi ya cika ɗakin, roba na ɗiga daga sama, wuta ta kama labulen ƙofa. Ita da tsohuwar suka ɗauki Lami a zane suka bi ta ƙofar baranda, suka kwantar da ita ƙarƙashin itacen bedin nan na tsakar gida, mata suka kewaye su da zannuwa. A nan aka haifi yarinyar. Ta daɗe ba ta yi kuka ba, Hafiza ta yi ta fama da ita sai da ta numfasa. Ita Lami jini ya ɓalle mata, aka garzaya da ita Dakoro, aka ƙara mata leda biyu. Wanda ya kashe wutar Kawu ne. Ya shiga cikin hayaƙin ya fizge labulen, ya kama wayar da ke ci da hannunsa na dama ya tumɓuke ta daga bango, sannan ya je ya cire kan bateri. Tafin hannun duk ya saluɓe. Ranar nan ba wanda ake yabo a garin sai shi.

Ni kuwa sunana ake kira ta wata fuskar. Mazor Ahmed, shugaban gidan likitan, ya kira ni da la'asar ya ce in zo da sassafe, kada kuma in biyo ta bakin rijiya, don dangin Abarci suna can a zaune da sandunansu, suna cewa mai wutar ya zo ya yi bayani ko su kai magana jandarma. Da na iso na shiga ɗakin, ban kai ga akwatin ba idona ya faɗa kan makunnin, yana nan a ɗage, an naɗe wayarsa da robar tayar keke. Na tambayi Hafiza wa ya sa wannan. Ta sunkuyar da kai ta ce ita baƙuwa ce a garin nan, in tambayi na gida. Sannan na hau tsani na buɗe akwatin, na ga nawa laifin. A ƙa'ida ana sa ƙaramin fuzibil a kan siririyar wayar madannai, wanda zai tsinke da zarar wuta ta yi yawa. Lokacin aikin ban sami ƙaramin ba a Dakoro, na ce in na je Maraɗi zan sayo in dawo in sa. Na je Maraɗi ya fi sau biyar tun daga nan. Da fuzibil ɗin yana wurin, bobin kaɗai za ta ƙone, fitila ta mutu, shi ke nan.

Na iske Kawu a zaurensa, hannun naɗe da bandeji a kan gwiwa. Na gaishe shi, na yi masa sannu, na rasa ta inda zan fara. Shi ya fara. Ya ce ya san abin da na gani. Ya ce ya yi ne don ya hutar da ni tafiya, kuma don ya gaji da jin ana cewa ɗansa ya yi aiki ya gudu. Bai roƙe ni in rufa masa asiri ba, kin san shi. Ya ce kawai in yi abin da na ga ya dace, amma in tuna saura masa shekara biyu ya huta da mutuncinsa. Da na koma gida Inna ta riga ta ji komai daga bakin matarsa. Ta zaunar da ni ta ce wanta ne, shi ya ɗauke mu da Baba ya rasu, shi ya sayar da raƙuminsa ya kai ni santir, makarantar koyon sana'a, na koyi wannan aikin da nake taƙama da shi. Ta ce in ce na'urar ce ta lalace da kanta, kayan waje ne, ba wanda zai kama ƙarfe ya kai jandarma. Yaya, wallahi na so in yi hakan. Ya fi mani sauƙi ni ma, don in na'ura ce mai laifi ba wanda zai tambayi fuzibil. Kwana biyu ina juya maganar. Abin da ya hana ni sakat shi ne sauran gidajen likita huɗu. Aiki iri ɗaya na yi masu, duk ba fuzibil, duk ba wanda na gaya wa sharaɗin, kuma madanni abu ne da ke tsagewa.

Aka sa zama ranar Alhamis da hantsi a rumfar maigari. Akwai mazor, da 'yan kwamitin gidan likita, da Hafiza a gefe ita kaɗai, da Abarci da danginsa sun fi goma, ga Kawu zaune kusa da maigari inda aka girmama shi da buzu. An kuma ɗauko wani tsohon ma'aikacin lantarki daga Maraɗi, Malam Idrisa, don ya duba aikina. Tun kafin in zauna wasu ke cewa ai wannan abin mai ƙas-ƙas kullum cikin cin wuta yake, dole wata rana ya kama. Na nemi izini na shimfiɗa kayana a kan tabarma: bateri, ampul wato ƙwan fitila, sabon telerupta, madanni, da makunnin gida. Na ɗaura wayoyin. Na danna, ya yi ƙas, ampul ta kama. Na cire wayar bobin gaba ɗaya na ɗaga ta sama kowa ya gani, ampul ba ta mutu ba. Na ce masu kun ga ba wuta ke riƙe da shi ba. Na miƙa wa maigari ya taɓa, ya ce sanyi ƙalau. Sannan na sa makunnin gida a madadin madannin, na ɗaga na bari. Ba a daɗe ba na ce Abarci ya taɓa da kansa. Ya ɗora yatsa ya janye da sauri. Ƙauri ya fara tashi, irin wanda Hafiza ta ji, na ga ta rufe hanci da mayafi. Na cire kan bateri.

Malam Idrisa ya riga ya leƙa akwatin tun da safe, kuma tun da muka zauna yake kallona. Ban jira ya tambaya ba. Na gaya wa taron akwai abin kariya da ya kamata in sa ban sa ba, an kira ni sau uku ban zo ba, ban kuma taɓa gargaɗin kowa kan makunni ba. Na ce rabin wutar nan tawa ce. Wani ƙanen Abarci ya miƙe da sanda, aka zaunar da shi. Na ɗauka in na ɗora wa kaina wannan za a tsaya nan. Sai maigari ya ce ya ji, to ɗaya rabin fa, wa ya canza makunnin? Na hau naɗe wayoyina. Ya ce ya haɗa ni da Allah, na sani ko ban sani ba? Na ce na sani. Na dubi Kawu ina jiran ya ɗago, idonsa na kan buzu. Sai uwar Abarci ta ce ai ba sai an wahala ba, wa ke kwana ya tashi a ɗakin in ba ungozoma ba, kuma da idonta ta taɓa ganin ta tana wasa da makunnin sama da ƙasa. Nan take maganar ta juya. Aka fara cewa a rubuta a mayar da ita inda ta fito, wani ya ce ita za a kai jandarma. Na dubi Hafiza. Matar da ta busa wa jaririyar numfashi da bakinta tana zaune hawaye na zuba, ba ta da kowa a rumfar nan, kuma ta san sunan kamar yadda na sani. Na ƙara duban Kawu. Na ƙirga har goma a zuciyata. Sannan na ce ba ita ba ce, Kawuna Jimrau ne, kuma ya yi ne don ni na ƙi zuwa.

Kawu ya dafa ƙasa da hannun hagu ya miƙe. Ya ce yaron ya faɗi gaskiya. Ya ciro makullan daga aljihu ya ajiye gaban mazor, ya sa takalmansa ya fita, bai dubi kowa ba. Abarci ya ce mutumin da ya sa hannunsa cikin wuta saboda matarsa ba zai kai shi gaban jandarma ba, ni kuma ya bar ni da Allah, amma kada in ƙara barin aiki rabi. Kwamiti ya ce Kawu ya huta har bayan girbi a sake duba maganarsa, ni kuma in sake aikin ɗakin haihuwar, Malam Idrisa na tsaye a kaina. Mun gama jiya. Ranar Juma'a kuwa tun da asuba na ɗauki babur na zagaya sauran gidajen huɗu, na sa fuzibil ɗin da na aika aka sayo mani daga Maraɗi, na rubuta gargaɗi da Hausa da Faransanci a gefen kowane madanni, na bar masu madannai biyu-biyu na ajiya. A na uku, can wajen Ɗan Gulbi, na tarar madannin baranda ya karye, mai gadin wurin ya riga ya sayo makunnin gida yana cikin aljihunsa, yana jiran a sauko daga masallaci ya ɗaura. Na karɓe makunnin, na ɗaura masa sabon madanni.

Lami ta koma rugga, ita da ɗiyar suna lafiya, gobe ne suna. Inna tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya ba ta ƙarawa. Na je gidan Kawu sau biyu, aka ce yana barci, alhali ina jin tarinsa daga zaure. Wannan zan iya jurewa, ko shekara nawa zai ɗauka. Abin da ya sa na matsu in rubuto maki dabam ne. Tun ranar Alhamis Kawu bai bari an wanke masa hannun ba. Ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan likitan ba. Hafiza ta ɗauki kayan aikinta ta je har gida, ya aiko a ce mata ta yi haƙuri, ba zai iya haɗa ido da ita ba. Matarsa ta gaya wa Hamdiya hannun ya kumbura har wuyan hannu, ya fara wari, jiya kuma ya kwana da zazzaɓi. Mazor ya ce in aka ƙara kwana uku haka, ba ya ɗaukar alkawarin yatsun.

Yaya, ke ce ɗiyar ɗakinsa, ke kaɗai yake jin maganarki ba ya musu. Ba na roƙon ki gyara tsakanina da shi, ba na ma roƙon ki ce na yi daidai. In kin ga dama ki zage ni a wurinsa, in hakan zai sa ya saurare ki. Ki dai kira shi ranar da takardar nan ta iso hannunki, ki ce ya yarda a kawo shi Dakoro. Na yi magana da mai mota, zai je har ƙofar gida ya ɗauko shi, kuma na yi alkawari ba zai gan ni a hanya ko a asibiti ba.

Ki gaishe mani da Malam Amani da kyau, ki ce ina yi masa fatan alheri a wurin aiki. Ki shafa mani kan Amiru da ƙannensa. Inna tana gaishe ku, Hamdiya ma ta ce in isar da gaisuwarta, ta kuma sa maki kuka da kuɓewa busassa a cikin ƙullin da direba zai ba ki tare da takardar. Allah Ya ba Kawu lafiya, Ya yafe mana kurakuranmu, Ya sada mu da alheri.

Salulata tana kunne.

Ƙanenki,
Tanimu